Shagon koyon tuƙin jirgi na wajen Ƙofar Ƙaura, inda aka kife min taswira da kuɗina

Shekara 19 kenan ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a nan cikin Katsina, kuma abu na farko da nake dasa wa yara a ka duk shekara shi ne arewa tana sama, kudu tana ƙasa, gabas hannun dama, yamma hannun hagu, duk wanda ya zana min taswira bai sa kibiyar arewa ba maki biyu sun tafi ko ɗan gidan waye. To ni ɗin nan ne wata ranar Asabar wani dattijo ya zare taswira daga hannuna ya juya ta, sunan Katsina ya koma a kife, ya ɗora min a cinya ya ce Malam haka ake riƙe ta. A gaban ɗan ƙanwata fa, kuma da kuɗina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda wurin yake, mai kyau da mara kyau, saboda mutane da yawa sun tambaye ni tunda suka ga hoton yaron a kan kujerar na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi.

Yaron bana ya gama sakandare, tun yana firamare ba shi da zance sai jirgi, in lokacin tashin alhazai ya yi har naci yake a kai shi wajen filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ya tsaya daga nesa ya ga tashi. Burinsa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda take nan tun 1964, amma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin karatun tuƙin jirgi ya san ba abu bane da malamin makaranta zai ce bari in taɓa albashi. Muna nan muna addu'ar tallafin karatu sai ya zo min da labarin wai an buɗe wani wuri a saman wani bene ta wajen Ƙofar Ƙaura, akwai na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, su yaran simuleta suke ce mata, wai har da tsohon matuƙi da yake koyarwa. Ni dai a raina na ce gidan gem ne kawai aka canja wa suna don a ƙara kuɗi, na bi shi ne don uwarsa ta roƙe ni. Ba zan faɗi sunan shagon ba tunda zan faɗi laifinsu kuma ba biyana aka yi in yi talla ba.

Ƙasan benen masu gyaran waya ne, in ka hau sama ɗaki na farko na masu buga ƙwallo a gem ne, na biyun shi ne wurin. Ɗaki ne ɗan madaidaici, talabijin uku an jera su sun ɗan lanƙwaso kamar gilashin gaban mota, kujerar tsohuwar mota an ɗaure ta da noti a kan katako, ga sitiyarin jirgi wanda ake turawa gaba a jawo baya, ga abin takawa guda biyu a ƙasa, ga totur a hannun dama, sai tablet an maƙale a gefe. Awa ɗaya naira 5,000 in kai kaɗai ne da yaron shago, in kuma da malamin ne 8,000. Tun yanzu in gaya muku, in ba da malamin za ku shiga ba ku riƙe kuɗinku ku sayi tsire, domin yaron shagon abin da ya iya shi ne ya ɗora ka a sararin Dubai ka yi ta wulƙitawa tsakanin dogayen gine-gine har ka faɗi ya yi maka dariya.

Malamin kowa Kaftin yake ce masa, shi kuwa da bakinsa ya ce mana bai taɓa tuƙa babban jirgin fasinja ba, ƙananan jirage ya yi shekaru yana ja. Farin gemu, tabarau rataye da zare a wuya, fensir a bayan kunne kamar kafinta. Abin da ya fara burge ni, bai bar yaron ya taɓa sitiyari ba, benci ya nuna mana a baranda ya shimfiɗa taswira ta takarda, irin ta matuƙa, mai ma'aunin 1:500,000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyar ne a ƙasa. Ya ce yau Daura za mu, samari ja min layi daga filin jirgi zuwa Daura. Yaro ya ja da rula, ya auna ya samu santimita 14 da ɗan ɗori, kilomita 70 da 'yan kai kenan, su kuma ba da kilomita suke lissafi ba da mil ɗin teku suke yi, kowane ɗaya mita 1,852, sai ya kama kusan mil 39. Ya ɗauko ma'aunin kusurwa irin na cikin mas-set ya ɗora, layin ya ba da digiri 88, gabas sak saura ƙiris. Duk wannan aikin taswirar tana shimfiɗe arewa a sama yadda Allah ya yi ta, ina gefe ina gyaɗa kai ina cewa a raina to wannan tsohon ya san abin da yake yi. Kuma minti ashirin ɗin nan na baranda ba sa cikin awar da ka biya, wannan na yaba musu.

Sai ya kawo zancen iska. Ya ce zai sa wa na'urar iskar hunturu, daga arewa maso gabas, mil 15 a awa, jirgin kuma ɗan ƙaramin Cessna ne zai yi mil 100 a awa. In ka kafa hancin jirgi a 88 ka rufe ido, iskar tana turo ka ta hagu a hankali ba ka ji, kafin ka isa ta kai ka kusan kilomita bakwai kudu da Daura. Saboda suna da wani lissafi na kai, kuskuren digiri ɗaya a tafiyar mil 60 yana kauce da kai mil ɗaya, nan kuwa digiri shida iskar za ta ci. Maganin shi ne ka karkata hancin ya shiga cikin iskar, ka riƙe 82, jirgin yana kallon wani wuri yana tafiya wani wuri. Ya ce kun taɓa lura da gudun kare, kai yana nan gindi ya ɗan goce gefe amma yana tafiya miƙe, to haka jirgi yake a cikin iska. Yaron ya ce Baba in na ƙara karkatawa fa, ya ce sai ka wuce Kwangwalam ba fasfo, ka ji ana yi maka magana da Faransanci. Sannan ya sa shi ya daddatsa layin da fensir duk mil goma, ya nuna masa cewa gaɓar babban yatsa ta sama a irin wannan taswirar kusan mil goma ce, ko rula ta faɗi ƙarƙashin kujera yatsanka yana nan. Tunda iskar tana ɗan tare gaba, suka lissafa tafiyar minti 26.

Da aka shiga ciki yaro ya zauna, Kaftin ya naɗe taswirar ta koma kamar girman littafin rubutu, layin fensir yana tsakiya, sai kawai na ga ya murɗa ta, Daura ta koma sama, Katsina tana wajen cikin yaron, arewa ta koma hannun hagu, duk rubutun ya kwanta a gefe. Na yi gyaran murya. Ya kalle ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Suka tashi ta titi mai lamba 05, a nan ma na ƙaru da wani abu, ashe lambar da ake rubutawa a bakin titin jirgi alƙiblarsa ce aka cire sifilin ƙarshe, 05 digiri 50 kenan, in ka biyo ta ɗaya bakin kuma 23 ne wato 230, kuma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi shi ya sa da hunturu 05 ta fi dacewa. Suna hawa ya ce karya dama ka kama 82, ɗora babban yatsanka a kan layi, yatsan nan shi ne jirgin, duk minti shida da wani abu ka matsa shi gaba zuwa alama ta gaba. Abin da yake ta maimaitawa har na haddace, agogo, takarda, taga. Ka fara duba lokaci, sannan ka duba takarda ka ga mi ya kamata ka gani a wannan lokacin, sannan ka leƙa ka neme shi. Wajen minti goma sha biyu ya ce mi ke gabanka, yaro ya duba agogo ya duba takarda ya ce Mashi ya kamata, ya ɗaga kai, ga gari ga kwalta. Wallahi yadda yaron ya yi ihu sai kace an ce ya ci jarabawa. Kuma na lura duk abin da ke dama da layin a takarda a tagar dama yake fitowa, na hagu a hagu, ba ya tsayawa tunani. Sun isa saman Daura da minti 27.

Da an tsaya a nan da na tafi gida da mutuncina. Amma da ya sauko na kasa haƙuri na ce ranka ya daɗe, wannan juye-juyen na masu koyo ne, wanda ya san taswira ba ya buƙatar ya kife ta, arewa arewa ce. Ya ce Malam mi kake koyarwa, na gaya masa, ya yi murmushin manya ya ce to ai kai ne ka fi mu sani, bismillah zauna, wannan awar rabin kuɗi za ka biya. Ya ja min layi daga filin jirgi zuwa Malumfashi, wanda kusan kudu ne sak da Katsina, ya ce ba sai ka isa ba, in ka yi minti 15 ka karkata ka nufi Dutsin-Ma ka nuna min ruwan dam ɗin Zobe mu dawo, riƙe takardarka yadda kake so. Na riƙe ta arewa a sama ina jin kaina. Ya ɗan ƙara hazo, ba mai yawa ba, irin na farkon Disamba.

Jama'a tuƙin nan da wuya. Ka kula da tsayi kada ka gangara, ka kula da kamfas kada hanci ya goce, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a totur, takarda tana zamewa daga cinya, Kaftin kuma da gangan yake jefo min tambaya, nawa tsayinka, saura minti nawa, mai fa. Gumi ya jiƙa min ƙeya. Minti 15 ta cika na saci kallon takarda, Dutsin-Ma ga ta nan hagu da layin fensir, ban yi wata-wata ba na kwantar da jirgi hagu. Na yi tafiyar minti biyar ko shida sai ga gari ya fito daga cikin hazo da kwalta ta ratsa shi, na ce alhamdulillahi ga Dutsin-Ma. Ya ce madalla, to ina ruwan. Na leƙa nan na leƙa can ba ruwa, na fara cewa ai ƙila rani ne ya janye, ƙila hazo ne ya rufe, ƙila na'urarku ce ba ta da shi. Yaron yana bayana yana danne dariya har kujerar tana girgiza, can ya kasa ya ce Kawu Kankiya ce fa, titin Kano ne wannan. Kaftin ya danna abin tsayarwa komai ya daskare, ya zare takardar ya juya ta kudu ta koma sama, ya ɗora min. Ga Dutsin-Ma a hannun dama ɓaro-ɓaro, ga Kankiya a hagu. Tunda kudu na fuskanta, yamma tana damana, abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya, ni da kaina nake sa su miƙe a filin makaranta su buɗe hannu su juya. Na sani sarai, amma a lokacin da kai ya cika ido ya ga hagu hannu ya bi hagu, ilimin bai samu layin shigowa ba. Ƙasa ta tsage in shige kawai ya rage.

Abin da ya fi min ciwo ma ba juyawar ba ce, yadda na tilasta wa Kankiya ta zama Dutsin-Ma ne. Ya ce wannan ita ce babbar cutar mai neman hanya a sama, in ya ɓata sai ya fara lanƙwasa ƙasa ta dace da abin da yake so, kowane gari da kwalta sai ya zama garin da yake nema. Ya ce da na kalli kamfas sau ɗaya da na ga lambar tana raguwa ta nufi gabas maimakon ta ƙaru ta nufi yamma. Kuma in mutum ya tabbatar ya ɓata sai ya juya tsarin, ya fara da taga, ya nemi abu babba da ba ya da na biyu kamar dam ko mahaɗar manyan tituna, sannan ya neme shi a takarda.

Muka koma baranda ya sa aka kawo mana shayi, a nan ne na samu abin da ya fi kuɗin da na biya. Ya ce hanyoyin riƙe taswira uku ne a jirgi. Akwai arewa a sama, taswira tana tsaye ɗan hoton jirgin ne yake juyawa a kanta. Akwai hanci a sama, duk inda jirgi ya kalla shi ne saman sikirin. Akwai kuma hanya a sama, inda jirgin yake bi a zahiri a kan ƙasa shi ne sama. Biyun ƙarshen nan in ba iska abu ɗaya ne, in akwai iska sai su rabu, kamar tafiyarmu ta Daura, da hanci a sama za ka ga layin hanyarka ya ɗan jirkice dama da digiri shida ɗin nan, da hanya a sama kuwa layin zai miƙe tsaye cak muddin kana kansa, da ya fara kwanciya ka san ka fara gocewa. Ya kunna tablet ɗin ya nuna mana duka ukun ɗaya bayan ɗaya, gani ya kori ji. Ko a wayarka ma akwai wannan, in kana bin Google Maps ka taɓa ɗan hoton kamfas ɗin nan sai ta sauya tsakanin arewa a sama da inda ka dosa a sama, shekara nawa ina taɓa shi bisa kuskure ina jin haushi ban san amfaninsa ba.

Kuma tsakani da Allah bai ce ni ba ni da gaskiya gaba ɗaya ba, wannan ya ƙara masa girma a idona. Ya ce yana da abokan aiki tsofaffi da har suka ajiye aiki ba su taɓa juya takarda ba, kuma ba su ɓata ba, sun saba ne har kansu yana juyawar da kansa. Dalilansu ma masu ƙarfi ne. Taswirar matuƙi cike take da lambobi, tsayin duwatsu da dogayen eriya, mitar rediyon filin jirgi, in ka kife ta 6 da 9 sai su yi maka wasa. Sannan in kana magana da masu kula da zirga-zirgar jirage ba za ka ce ina hagu da gari ba, cewa za ka yi ina mil goma kudu da fili, su ma na'urar da suke kallo arewa a sama take, to wanda taswirarsa take ta juyawa wani lokaci sai ya yi jim kafin ya san kudu yake ko yamma. Takardun sauka ma, wato taswirar da matuƙi yake bi in zai sauka a filin jirgi, irin waɗanda kamfanin Jeppesen yake bugawa, arewa a sama ake zana su kuma haka ake karanta su. Ya ce ko a manyan jirage, a Airbus akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa, in matuƙi yana duba tsarin tafiyarsa tasha bayan tasha sai ya kai shi inda taswira take tsayawa arewa a sama, in ana cikin tafiya kuma ya mayar inda take juyawa da jirgin, Boeing ma yana da irin wannan. Wasu kuma sikirin ɗin jirgi yana juyawa, tablet ɗinsu na gefe sun bar shi arewa a sama, kowanne da aikinsa. Shi dai abin da yake koya wa sabon shiga, a kan benci arewa a sama, a kan kujera hanya a sama, musamman in ƙasa-ƙasa kake tafiya kana neman gari da ido.

Na tambaye shi batun bambancin arewar taswira da arewar kamfas tunda wannan fannina ne, ya ce mu a nan Allah ya hutar da mu bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma ka je Kef Tawun a Afirka ta Kudu ya haura digiri 20, can in ka manta da shi ka tafi garin da ba a aike ka ba.

Da daddare ina kwance abin yana ta cina, sai na tuna ai ni da kaina na sha ba ɗalibai labarin al-Idrisi, wanda ya zana wa sarkin Sisili taswirar duniya a 1154 kuma kudu ya sa a sama, ina ba su ne a matsayin abin mamaki su yi dariya. Kuma mu kanmu wa ya damu da arewa. Baƙo in ya sauka gidanka ina ne gabas yake tambaya, daga nan Katsina alƙibla wajen digiri 70 take, da ita muke daidaita komai, shimfiɗa, kabari, har inda za a haƙa masai. In kana yi wa mutum kwatance daga Ƙofar Soro zuwa Gobarau ba ka ce masa yi arewa, juya jikinka kake ka fuskanci hanyar ka ce ka miƙe ka karya nan. Arewa a sama al'adar masu buga littafi ce muka gada, mai amfani ce, amma ni na mayar da ita kamar farilla.

To yanzu laifinsu, don suna da shi. Na farko wuta. Zuwanmu na biyu yaron yana dab da sauka aka ɗauke wuta, inbatar tasu ta yi ƙara sau biyu ta mutu, kafin a tada janareto kwamfutar ta sake tashi ta loda komai an ci minti 14, na duba agogona, kuma yaron shago ya ce wai yana cikin awarmu. Sai da Kaftin ya sa baki ya ce kai yaro ji tsoron Allah sannan aka ƙara mana. In ba ya nan haka za a cinye maka. Na biyu intanet ɗinsu ba ƙarfi, in ya ja baya sai ƙasar ta narke ta koma kamar kunun tsamiya, gari ba gari ba gona ba gona ba, alhali duk darasin a kan gane ƙasa yake. Na uku hayaniyar 'yan ƙwallon ɗakin gefe, bango ɗaya ne na silin-bod tsakani, ana cin gol sai ka ji kamar a kanka aka ci. Fanka ɗaya ce kuma kwamfutar aka juya wa ita ba mutum ba, yanzu da sanyi-sanyi da sauƙi, ina tausaya wa wanda zai je a watan Afrilu. Taswirar takardar ma guda biyu ce kacal, ta tsufa, an manne maninkarta da salatif, an goge fensir a kan hanyar Daura har takardar ta yi fari, kuma Kaftin ya faɗa mana da kansa cewa ta koyo ce kawai, ba a tashi da tsohuwar taswira a jirgin gaske saboda bayanan ciki suna canjawa. Abin takawa na hagu yana ɗan maƙalewa. Kujera ɗaya ce tak, ranar Lahadi mun tarar da mutum huɗu a gabanmu, ba kuma littafin layi sai dai wanda ya fi kusa da yaron shago.

Wani abu da ya kamata iyaye su ji da kyau, wurin nan ba makaranta bane, ba sa ba da lasisi, awannin da ka yi a nan ba a lissafa su a ko'ina, lasisin tuƙi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ce take bayarwa bayan ka yi makarantar da ta amince da ita. Kaftin ya faɗi wannan tun ranar farko ba tare da an tambaye shi ba, amma allon da suka kafa a ƙasan benen an rubuta zama matuƙin jirgi da manyan baƙaƙe, wanda bai sani ba zai ɗauka wani abu ne. Na gaya wa mai wurin ya gyara, ya ce to Malam, har yau yana nan.

In maki zan ba su kamar yadda na saba, Kaftin tara cikin goma, ɗayan na riƙe ne saboda dariyar da ya yi min a ciki-ciki, shagon kansa biyar. Kaftin yana zuwa Asabar da Lahadi ne kawai, daga bayan la'asar zuwa isha'i, ku je da wuri, ku tafi da fensirinku da rula da ruwan sha, wanda ke da yaro mai son lissafi ko labarin ƙasa ko da ba jirgi zai tuƙa ba zai ƙaru. 'Yan mata ma suna zuwa, ranar nan mun tarar da wata da yayanta ta kai jirgi Jibiya ta dawo ba ta goce ba.

Mun je sau huɗu yanzu. Ranar Litinin da ta wuce na sauke taswirar jihar daga bangon aji na shimfiɗa ta a ƙasa, na sa wani yaro ya tsaya a kan Katsina ya fuskanci Malumfashi na ce Dutsin-Ma tana wane hannunka, rabin ajin suka ce hagu da ƙarfinsu, ban ce musu komai ba game da Kankiya. Asabar mai zuwa Kano Kaftin ya ce za mu, ni zan ja yaron ya riƙe min agogo, na riga na ja layin a kwafin da na yi, kudu maso gabas ne wajen digiri 140, kuma ya ce wannan karon zai cika hazon sosai ya kuma kashe tablet ɗin.